Likita, cikina da safe lafiya lau, kafin la'asar ya yi tim

Assalamu alaikum jama'a, satin nan kamar haɗa baki kuka yi, tambayoyin kusan duk a kan ciki ne, to na tsamo guda huɗu.

Ta farko wata baiwar Allah ce daga Rikkos a nan Jos, ta ce: "Likita dan Allah ni da safe cikina a shafe yake amma kafin la'asar ya kumbura kamar mai cikin wata biyar, zani ma sai na sassauta. Ƙawata ta ce in yi azumin nan na awa 16 wai yana sace ciki, da gaske ne?"

Hajiya cikin da zai kwana a shafe ya yini a kumbure ba teɓa ba ce, kitse ba ya zuwa da la'asar ya koma da asuba. Iska ce, ko kuma bayan gida ne bai fita yadda ya kamata ba. Shi azumin da ƙawarki take faɗa, awa 16 ba abinci sai ruwa ko shayi ba suga ba madara, sauran awa 8 ɗin a ci, misali kin ci na dare ƙarfe 7 sai kuma 11 na safe. Yadda yake taimakawa kuwa, in ciki ba komai hanji yana da wani motsi kamar shara da yake yi kusan duk bayan minti 90 zuwa awa 2, yana tura guntun abinci gaba, wannan ƙugin da kike ji kina jin kunya a cikin mutane yawanci shi ne, kuma da kin jefa abu a baki sharar ta tsaya. To kinga mai taune-taune, yanzu gyaɗa anjima cincin anjima biskit, hanjinta bai taɓa samun wannan sararin ba. Amma kar ki faɗa 16 kai tsaye, fara da 12, ki daina cin dare ki kwanta a kai, in jiki ya saba ki ƙara.

Inda ake ɓata abin shi ne wajen buɗe baki. Mu da muke azumin Ramadan ai mun sani, ana kiran sallah a haɗa kunu da ƙosai da soyayyen dankali a kora da lemon kwalba mai sanyi cikin minti goma, sannan a tsaya tarawi ana gyatsa. In haka za ki yi ƙarfe 11 gara ma ba ki yi ba. Ki ci kaɗan, ki tauna sosai, ki ɗan taka na minti goma bayan kin ci. In kuma kina kwana biyu uku ba ki zaga ba to nan matsalar take, ruwa da ganye da gwanda za su fi miki azumin amfani. Mai ciki, mai shayarwa, yara da mai ciwon suga da ke kan allurar insulin ko ƙwaya, ban yarda ku fara ba sai kun zauna da likitanku, sugan zai iya faɗuwa.

Sai wani mai sayar da kayan gwari a Farin Gada: "Ni wake da kabeji ne ba sa ƙaunata, in na ci sai iska har in rasa inda zan sa kaina a rumfa. In daina ne?"

Alhaji kar ka daina, ga tsadar nama wa zai raba ka da wake. Akwai wani nau'in suga a cikinsa da ƙaramin hanji ba ya iya narkarwa, sai ya wuce babban hanji inda ƙwayoyin halitta masu amfani suke, su ne suke cinye shi su fitar da iska, wato abin da ya dame ka ɗin su abincinsu ne. A jiƙa waken ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa ya yi luguf, alala da aka surfe ta ma ta fi sauƙi. Ka ci kaɗan kaɗan akai akai, ciki yana sabawa, ba a yi wata ba a ci ba rana ɗaya a tashi da kwano guda. Kabejin kuma dafaffe ya fi ɗanye, a gwaten acca misali, wanda ni a wajena ba abincin da ya kai shi gyara ciki a garin nan.

Amma ina zargin wani abu daban. Da sanyin Jos ɗin nan kofi nawa na shayi mai kauri kake sha a rana? Manya da yawa cikinsu ba ya narkar da sugan madara, Fulani ne suka fi dacewa a nan, sai mutum ya ɗora wa wake laifin da na mai shayi ne. Ajiye madara sati biyu ka gani, ita kaɗai, kar ka cire komai lokaci guda ka kasa gane mai laifin. Kindirmo ya fi sauƙi tunda ya riga ya yi tsami.

Wani ɗalibi daga Unguwar Rogo ya ce yana da olsa, in cikinsa ya kumbura Flagyl yake siya a kemis, zai iya azumin?

Ƙanena fara ajiye Flagyl ɗin nan tukuna, ba maganin iska ba ne, kuma shansa barkatai yana kashe ƙwayoyin kirkin da na faɗa a sama. Ita olsa ba yunwa ke kawo ta ba kamar yadda aka ɗauka, yunwa tayar da zafin take yi, galibi ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori ko kuma yawan shan su ibuprofen da diclofenac. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, har kyautar Nobel suka samu a 2005 a kan gano cewa H. pylori na kawo olsa. Je ka yi gwajin bayan gida, in an same ta akwai haɗin magani na kwana 14, ka shanye duka. Maganar azumi sai ka warke.

Ta ƙarshe daga Bukur: "Babanmu cikinsa kullum ƙara girma yake wata biyu kenan, ƙafafu sun kumbura, ido ya yi ɗorawa, muna ba shi jiƙo. Azumin zai sace shi?"

A'a 'yar'uwa, wannan ba iska ba ce, alamar ruwa ne ya taru, kuma da idon nan hanta nake tunani. Ku tsayar da jiƙon yau, wasu sauyoyin ƙara wa hanta wahala suke, ba azumi, ku kai Baba asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, a Lamingo ko duk babban asibitin da ya fi muku kusa a yi hoton ciki da gwajin jini, ku ma 'yan gidan a gwada ku ciwon hanta nau'in B. In ya yi aman jini ko baƙin bayan gida ko ya fara ruɗewa kar ku jira gari ya waye.