Tambayoyinku: Zaɓen Jakar Barci ga Yaron da Zai Kwana a Tanti

Tambaya: Ɗana shekararsa takwas, makarantarsu za ta kai su zango na kwana uku, a tanti za su kwana. An ce mana sanyin dare a wurin yakan sauka zuwa digiri 8 a ma'aunin Salshiyas. Na ga jakar barci ta yara, wato bargo mai kama da buhu da ake shiga a zuge, an rubuta digiri 5 a jikinta. Ta wadatar? — Wata uwa

Amsa: Malama, kada ki saki jiki da wannan lambar. Jakunkunan manya suna da ƙa'idar gwaji ta duniya mai suna ISO 23537, wadda ta fito a 2016 ta gaji ta Turai, EN 13537. Ana sa mutum-mutumi mai ɗumi a cikin jakar, a ɗaki mai sanyi, a auna zafin da ke tserewa. Daga nan ake fitar da lambobi uku. Ta farko ita ce sanyin da mace babba za ta yi barci a miƙe cikin jin daɗi. Ta biyu, sanyin da namiji babba zai jure yana ƙudundune. Ta uku kuwa ta tsira da rai ce kawai, babu maganar barci a cikinta, amma ita wasu kamfanoni suka fi son bugawa da manyan haruffa.

To, ita wannan ƙa'ida ba ta shafi jakunkunan yara ba. Saboda haka digiri 5 ɗin da kika gani ƙiyasin kamfanin ne. Shi kuma yaro ya fi babba saurin rasa ɗumin jiki, domin fatarsa tana da faɗi idan aka kwatanta da nauyinsa, ga shi bayan wunin guje-guje yakan kwanta a gajiye.

Shawararmu ita ce ki bar ratar aƙalla digiri 5 tsakanin lambar jakar da sanyin da ake tsammani. Dare mai digiri 8 yana son jakar da aka rubuta wa digiri 3 ko ƙasa da haka. Idan zafi ya dame shi, sai ya zuge zif. Jakar da ta gaza kuwa ba ta da gyara da ƙarfe uku na dare. Ki kuma taɓa ta da hannu kafin ki biya: ki fitar da ita daga kubenta, ki girgiza, ki shimfiɗa ta minti goma, ki ga ko ta kumbura. Ki ɗaga ta ga haske. Duk inda haske ya ratsa, sanyi ma zai ratsa. Ki duba bayan zif ɗin, ko akwai wani dogon matashi da aka ɗinka don toshe iska. Masu hoton zane-zane a jiki, sirara kamar zani, na kwanan ɗaki ne.

Tambaya: Yara suna girma da sauri. Me zai hana in saya wa 'yata mai shekara shida ta manya, ta daɗe tana amfani da ita? — Wani uba

Amsa: Malam, lissafin aljihu ya yi daidai, na ɗumi ne bai yi ba. Jaka ba ta samar da zafi da kanta. Jikin mai kwanciya ne ke ɗumama iskar da ke ciki, jakar ta riƙe ta. Yarinya mai tsawon santimita 115 a cikin jakar da aka yi wa mutum mai 180, ta bar fiye da rabin mita na iska mai sanyi a ƙasan ƙafafunta, kuma ƙaramin jikinta ba zai iya ɗumama shi ba. Ga wata matsalar: cikin barci takan zame ta nutse ciki, fuskarta ta rufu.

Auna tsawonta a tsaye, ka nemi jakar da ta fi ta da santimita 15 zuwa 25. Akwai waɗanda ake ƙara wa tsawo da zif a wajen ƙafa, su ne amsar damuwarka. In kuwa ta manyan ce a hannu, ka kwantar da ita a ciki, ka bar tazarar taƙi ɗaya daga tafin ƙafarta, ka ɗaure ragowar daga waje da maɗauri, tamau, yadda ba za ta wuce wurin ba.

Game da siffa, wadda ta tsuke a ƙafa kuma take da hula ta fi ɗumi. Mai kusurwa huɗu ta fi sakewa, ta dace da daren da ba sanyi sosai da kuma yaro mai juye-juye. Ga ƙananan yara a guji hula mai doguwar igiyar zuge, domin tana iya naɗe wuya. Mai roba a baki ta fi aminci. Sannan a sa yarinyar ta gwada zif ɗin da kanta daga ciki, a cikin duhu, tun a gida. Zif mai cin yadi shi ne mafarin kuka idan fitsari ya matse ta.

Tambaya: An ce jakar da aka cusa wa gashin agwagwa ta fi wadda aka cusa wa zaren roba. Amma ɗana har yanzu yakan yi fitsarin kwance jefi-jefi. — Wata uwa

Amsa: Ɗauki ta zaren roba, babu wani dogon tunani. Gashin agwagwa ya fi ɗumi a kan nauyinsa kuma ya fi naɗuwa ƙarami, amma da ya jiƙe sai ya dunƙule ya daina aiki, bushewarsa kuma sai an yi haƙuri. Zaren roba yana riƙe wani ɗumin ko da damshi, kuma yana jure wanki. Ki haɗa masa da siririn zanin ciki da ake cirewa a wanke, da kayan barci na canji a leda, a ajiye inda hannunsa zai kai ba sai ya tashi kowa ba. Wajen wanki, ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, ban da maganin tausasa tufafi, kuma kada a murɗe ta. Bayan an dawo a shanya ta ta bushe sarai, a ajiye ta a sake cikin babban buhun yadi. Barinta a matse cikin kubenta wata da watanni yana kashe kumburinta.

Tambaya: Ina jagorantar yara zuwa zango. Jakunkunansu masu kyau ne, amma da asuba sai su tashi suna rawar ɗari. Ina matsalar take? — Wani malami

Amsa: Malam, fara duba ƙarƙashinsu. Ɓangaren jakar da yaro ya danne ya baje, babu iska a cikinsa, ƙasa kuma tana zuƙe ɗumin jiki har gari ya waye. Dole a sa shimfiɗa mai tare sanyi. Ana auna ƙarfinta da lambar R: ta soso mai tauri da ake naɗewa tana kusa da 2, wadda ta isa dare mai sauƙin sanyi. Idan ana tunkarar digiri 0, a nemi 3 zuwa 4. Lambobin suna haɗuwa, wato shimfiɗa biyu masu 2 sun ba da 4. Katifar iska zalla, wadda ba komai a cikinta, tana da taushi amma ba ta tare sanyi. Ga yara mun fi son ta soso, don ba ta fashewa.

Sai abin da suka kwanta da shi. Rigar da aka wuni da ita tana da gumi ko da ba a ji a hannu ba. Kowa ya canza zuwa busassun kaya, da safa da aka ware don barci kaɗai, da hula. Su ci abinci, su yi fitsari, su ɗan yi tsalle-tsalle na minti biyu su shiga da ɗuminsu. A hana su cusa fuska ciki, domin tururin numfashi yana jiƙa jakar. A bar kafar iska ta saman tanti a buɗe, in ba haka ba raɓar numfashi za ta taru a rufin ta ɗiga musu. Gorar ruwan ɗumi a cikin safa, an ɗaure murfin sosai, tana taimakon ƙafa, amma ban da tafasasshe.

Gawayi, risho ko murhun gas ba sa shiga tanti ko da an ga wutar ta mutu. Garwashi yana ci gaba da fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mai barci.

Tambaya: Jaririna wata takwas, zan iya sa shi a jakar yayansa? — Wata uwa

Amsa: A'a, Malama. Yaron da bai cika shekara ba ba a sa shi cikin irin wannan jaka, ko shi kaɗai ko tare da babba, saboda haɗarin toshewar numfashi. Nasa shi ne rigar barci mai kama da buhu, mai kafar wuya da ta hannuwa daidai jikinsa, mara hula. A kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai tauri, ba matashi ba bargo. Ki riƙa taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa don sanin ɗuminsa. Hannu da ƙafar jariri sukan yi sanyi ko da jikinsa lafiya lau. In kin ji gumi a ƙeyar, ki rage masa riga ɗaya.