Dokin da aka kawo daga Jos yana haki bayan kilisa

Malam, ka ce kwana huɗu da kawo dokinka daga Jos zuwa Gwagwalada, kun fita kilisa da azahar ya dawo yana ta haki, ya ƙi cin ciyawa. Da alama zafi ne ya buge shi, dama dokin da ya saba da sanyin Jos ai sai ya yi kamar sati biyu kafin jikinsa ya saba da ranar Abuja, balle a watan Maris.

Abu na farko cire sirdi da linzami, kai shi inuwa, a ɗauko tiyo ko bokitai a dinga kwarara masa ruwan sanyi a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi ba ƙaƙƙautawa, kar ka ji masu cewa wai ruwan sanyi zai sandarar da shi, ni dai da ruwan randa na ceto nawa. Ka bar shi ya sha, kada a hana shi. Doki kan zubar da zufa sama da lita 10 a awa ɗaya in yana aiki cikin rana, gishirin jikinsa ma tafiya yake, shi ya sa ake ajiye masa gishirin lasa a barga.

In kana da ma'aunin zafi sa masa ta dubura, zafin jikin lafiyayyen doki digiri 37.5 zuwa 38.5 ne a ma'aunin Celsius. Ya wuce 40, ko yana tangaɗi, ko ka taɓa fatar ka ji ta bushe ƙayau alhali yana haki, kira likitan dabbobi nan take, wataƙila sai an yi masa ƙarin ruwa. Kilisar kuma a mayar da ita bayan asuba.