Tambaya da Amsa: Yaya zan koyar da injiniyancin noma alhali ba mu da ɗakin gwaji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata cibiyar horar da matasa aikin gona a wajen Garwa ta Kamaru, bana na fara. An ba ni darussan ban ruwa da injinan gona da ajiyar amfani. Ɗalibaina suna haddace lissafi su ci jarrabawa, amma ranar da muka je lambun albasa ba wanda ya iya faɗin awa nawa injin zai yi kafin lambun ya ƙoshi. Ba mu da ɗakin gwaji, taraktar da muke da ita ma a kwance take. Ta ina zan ɓullo wa abin?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya yi wa aikinki albarka. Abin da kika gani a lambun nan ba laifin yaran ba ne kaɗai. An saba a fara da allo, a rubuta ƙa'ida, sai can ƙarshen zango a kai su gona yawon buɗe ido. Ni a ganina ki juya abin: matsala ta fara zuwa, ɗalibi ya auna da hannunsa, ya rasa yadda zai yi da abin da ya auna, sannan ki ba shi lissafin a lokacin da yake nemansa.

Mu ɗauki injin ban ruwan da ya kayar da su. Durom mai lita 200 da agogon waya sun isa. A ce injin ya cika durom a daƙiƙa 40, wato lita 5 a daƙiƙa, lita 18,000 a awa. Sai su auna lambun da igiya. A ce mita 50 ne tsawo, 50 faɗi, rubu'in hekta ke nan. Nan za ki shigo da abu ɗaya da nake so kowane ɗalibi ya riƙe har abada: ruwa milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ne. In albasar na buƙatar milimita 6 a rana, rubu'in hekta zai sha lita 15,000. Kada ki tsaya a nan. Ki sa su bi hanyar ruwan da ƙafa, su ga inda yake tsiyaya da inda rairayi ke shanye shi kafin ya kai fangali na ƙarshe. In rabi ne ke salwanta, injin zai ɗago lita 30,000, aikin awa 1 da minti 40. Daga nan su lissafa man fetur, su mayar da shi sefa. Da zarar maganar ta zama ta kuɗi, za ki ga har mai barci a bayan aji ya farka.

A wannan zama ne kuma za su tambaye ki dalilin da ya sa masu lambu a bakin mayo, wato kogi da Fulatanci, ke haƙa rami su saukar da injin kusa da ruwa idan rani ya yi nisa. Injin da ke zaune a sama ba ya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce kamar mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa, domin nauyin iska ne ke tura ruwan cikin tiyo, kuma yana da iyaka. Manomi ya san haka ba tare da ya san dalili ba, ɗalibinki kuwa ya haddace dalilin bai taɓa ganin ramin ba.

Zancen ɗakin gwaji kada ya hana ki barci. Dogon tiyo garai-garai irin wanda magina ke zuba wa ruwa su daidaita gini zai auna miki gangaren fili. Gwangwanin da aka cire wa gindi, a kafa shi a ƙasa a zuba ruwa, zai nuna bambancin yadda jigawa ke shan ruwa da yadda baƙar lakar nan ta karal ke riƙe shi, wadda ake dasa masakwa a kanta bayan damina ta ɗauke. Ita kuwa taraktar da ke kwance, ki nemo bakanike ku kwance ta tare da ɗalibai. Wadda ke aiki ba wanda zai yarda a taɓa ta. Kuma kada ki raina garmar shanu da ta jaki, domin su ne akasarin manoman auduga da ke hulɗa da kamfanin auduga na SODECOTON ke riƙe da su. Yini ɗaya a maƙera ana gyara bakin garma darasi ne cikakke.

A ɓangaren ajiya kina da labarin gida. Dabarar buhu mai ruɓi uku, wadda daga baya ta bazu a Afirka da sunan PICS, a Marwa aka fara gwada ta a ƙarshen shekarun 1980, tsakanin masu binciken Kamaru da na Jami'ar Purdue ta Amurka. Leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne tam, ƙwarin wake su shaƙe iskar da ta rage su mutu, ba ko ɗigon magani. Ki sa kowane rukuni ya cika gora biyu da wake, a toshe ɗaya sosai, ɗayar a rufe bakinta da ƙyalle. Bayan wata biyu su ƙirga ƙwaya 100 daga kowace, su ga nawa ne suka huje.

Sai ki tsara darussan bisa kalandar gona: garma da zaizayar ƙasa a farkon damina, shanya da ajiya a kaka, ban ruwa da rani. In hali ya yi, ki kai su madatsar Lagdo ko gonakin shinkafar kamfanin SEMRY na Yagwa da Maga, amma da tambayoyi a hannu, in ba haka ba hotuna kawai za su dawo da su.

Duk wannan zai tashi a banza in jarrabawa ba ta canja ba, don ɗalibi abin da ake ba shi maki a kai yake karantawa. Ki nemi shugaban cibiya ya yarda rabin maki ya koma kan aikin hannu: ga injin, ga fili, faɗa mini awa nawa da sefa nawa. Wani kaso kuma ya kasance na bayani, ɗalibi ya tsaya gaban mai lambu ya faɗa masa sakamakon da Fulatanci ko Hausa, ba da Faransancin aji ba. Zai fi ki wahalar gyarawa, kuma a aji mai yawa sai kin raba su rukuni-rukuni na mutum huɗu ko biyar, kina zaɓar wanda zai yi magana da kanki, don kada mutum ɗaya ya riƙa ɗauke wa sauran aiki. Ki fara da darasin injin nan tun bana, sauran su biyo baya a zango mai zuwa.