Me ya sa ake auna ƙanƙarar Girinland da jirgin sama?

Malam, ka tambaya me ya sa ake wahalar tura jirgi alhali ga tauraron ɗan'adam. To, akwai lokacin da babu tauraron da ke auna ƙanƙara da hasken leza. Tauraron ICESat na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya daina aiki a 2009, magajinsa ICESat-2 kuwa sai a 2018 aka harba shi. Shirin IceBridge na NASA ne ya cike giɓin da jiragen P-3 da DC-8.

Amma ni a ganina babban dalilin shi ne abin da ke ƙasan ƙanƙarar. Jirgin na tafiya ƙasa-ƙasa, kamar mita 500 daga saman ƙanƙara. Hasken leza yana auna tudunta, igiyar rediyon na'urar rada kuma tana ratsa ta har ta bugi dutsen da ke ƙasa ta dawo. Da tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo ake lissafa kaurin ƙanƙarar, wanda a tsakiyar Girinland ya kai kilomita 3. Leza ba ta iya wannan, a saman ƙanƙarar take tsayawa.

Da irin wannan rada aka gano wani kwazazzabo mai tsawon kilomita 750 a ƙarƙashin ƙanƙarar Girinland a 2013, kwance shiru, ido bai taɓa ganinsa ba.