Kasuwa cike da kifi, amma ana cewa ya ragu: yaya ake auna kifin da ke cikin ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sarin kifi ne a yankin Yawuri, mahaifina kuma masunci ne. Kullum jami'ai na cewa kifin tafkin Kainji ya ragu, a daina sa raga mai ƙananan idanu. Amma ranar kasuwa kwanduna a cike suke. Yaya mutum zai san yawan abin da ba ya gani? Ko hasashen 'yan ofis ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiyarka, babu wanda ya taɓa ƙirga kifin tafki ɗaya bayan ɗaya. Ƙiyasi ake yi, amma akwai ƙiyasi mai tushe, akwai kuma na shaci-faɗi.

Mu fara da kwandunan nan. Cikar kasuwa ba ta nuna yawan kifin da ya rage a ruwa, tana nuna yawan wanda aka fitar ne. Misali, idan a da jirage goma ke cika kwando ashirin, yau kuma sai jirage arba'in sun kwana a ruwa kafin a cika ashirin ɗin, mai saye ba zai ga bambanci ba, amma kowane masunci ya san rabonsa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa ma'aunin farko shi ne: nawa aka kama, da wace irin wahala? Kilo nawa a kalli guda, wato ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa, a dare guda? Ka tambayi Baba kalli nawa yake zubawa yana saurayi, nawa ake zubawa yanzu, da kuma nisan da ake yi kafin a samu.

A wannan fanni ba a bar Kainji a baya ba. Bayan kammala madatsar a 1968, ruwa ya mamaye gonaki da dazuka, abinci ya wadata, kifin da ake kira falia ya yi yawa ƙwarai a shekarun farko, sannan kamu ya faɗi sosai kafin ƙarshen shekarun 1970. A shekarun 1990, wani shiri na haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya riƙa bin ƙauyukan bakin tafkin yana ƙirga masunta da jirage da kayan kamu, ana kuma auna kamun wasu jirage da aka zaɓa a wasu ranaku na kowane wata. Idan ka san yawan jirage, ka san matsakaicin abin da jirgi ke kawowa, ka san kwanakin da ake fita, lissafin shekara ya fito. Irin wannan awo ne ya nuna ɓarnar dala, ragar nan da ake ja zuwa gaɓa, wadda ke kwashe 'ya'yan manyan kifaye tare da ƙananan da ake nema.

Sai dai wannan ma'auni ma yana yaudara, kuma an sha wuya kafin a gane haka. A gabar Newfoundland ta Kanada akwai kifin kod wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana kamawa. A 1968 kaɗai an fitar da tan sama da 800,000. A shekarun 1980 masu ƙananan jirage na kusa da gaɓa suka yi ta kukan cewa kifi ya ƙanƙance kuma ya yi wuya. Ba a ba maganarsu nauyi ba, domin manyan jiragen cikin teku suna ta cika ragarsu, lissafin hukuma kuma ya jingina sosai da alƙalumansu. Ashe shi kod, ko ya ragu, sauran na taruwa ne wuri guda, manyan jirage kuma suna da na'urar gano inda garken yake. Kamar rumbu ne da ake ɗiba ta ƙasa: kullum kwano na cika, sai ranar da aka sa hannu aka ji wayam. A watan Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a. Sai a 2024 aka sake buɗewa, da izinin tan 18,000 kacal. Duk lokacin da na tuna da wannan, abin da ya fi ci mini rai shi ne masunta sun faɗa tun da wuri.

Daga nan aka ƙara dagewa kan awon da bai dogara da kamun 'yan kasuwa ba. Masu bincike kan zuba raga iri ɗaya, a wurare iri ɗaya, a lokaci ɗaya kowace shekara, har da wuraren da masunci ba zai ɓata lokacinsa ba. Akwai na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta auna amsa-kuwwar da ke dawowa daga jikin kifi. Tana aiki sosai ga ƙananan kifaye masu tafiya a garke. Akwai kuma tsohuwar dabara mai sauƙi: a kama kifi 200 a sa musu alama a sake su, bayan kwanaki a kama 100. Idan 10 na ɗauke da alama, to kashi ɗaya cikin goma ke nan, jimilla ta kusa 2,000. A kududdufi ko ƙaramin dam tana aiki, a babban tafki da wuya. Yanzu har ana ɗiban ruwa a gwada ƙwayoyin halittar da kifi ke zubarwa, amma wannan ya fi nuna irin kifin da ke wurin, ba yawansa ba.

A ganina, abin da ya fi dacewa da ruwanmu shi ne awon tsawo, kuma kai kana inda ya fi kowa ganin sa. A ƙasashe masu sanyi ana sanin shekarun kifi daga zobban da ke cikin wani ɗan ƙashi na kunnensa. A ruwa mai ɗumi zobban ba sa fitowa sarai, ga kuma ire-iren kifi da yawa a raga guda: ƙarfasa, kurungu, tarwaɗa, giwan ruwa. Saboda haka ake komawa ga katako mai zanen santimita. A kwantar da ƙarfasa, baki ya taɓa ƙarshen katako, a karanta inda wutsiya ta tsaya. A tsaga cikin wasu a duba ko sun kai munzalin yin ƙwai. Idan akasarin abin da ke kwando bai taɓa yin ƙwai ba, ana cin iri ke nan, ko da kwandon ya tumbatsa. Hujjar hana raga mai ƙananan idanu ke nan.

Kada kuma a ɗora wa raga komai. Yawan ambaliyar shekara na ƙayyade yawan 'ya'yan da za su rayu, don haka faɗuwar shekara guda ba hujja ba ce. Sai an jera shekaru an duba.

Idan jami'i ya ce kifi ya ragu, kana da haƙƙin tambayarsa cikin girmamawa: wane kifi, an auna yaushe, a wace mashiga? Ku ma kuna iya riƙe naku littafin. Ku samu sarkin ruwa da masunta biyar ko shida da suka yarda, a ware kwana biyu a mako, a rubuta irin ragar da faɗin idonta, awa nawa aka yi a ruwa, kilo nawa aka samu, da tsawon kifi talatin da aka ɗebo ba tare da zaɓe ba. Ko ranar da aka dawo hannu rabbana a rubuta, domin ita ce aka fi mantawa kuma ita ce ta fi faɗin gaskiya. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana nan New Bussa, kusa da ku. Bayan damina biyu ko uku ku kai musu littafin a kwatanta da nasu.