Bakanike ya ce a cire wa BMW 740iL ɗina tamostat, in yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Wata huɗu ke nan da na sayi BMW 740iL ƙirar 2000 a hannun wani dattijo a nan Kaduna. Makon jiya ina cikin cunkoso a Kawo allurar zafi ta wuce tsakiya, na ga tururi ta gefen bonet, na kashe ta nan take. Bakanikena ya ce motar ƙasar sanyi ce, a cire tamostat, a haɗa fanka kai-tsaye, a cika lagireto da ruwa, haka yake yi wa kowa. Duk abin da na tara shi na zuba a motar nan, ko barci ba na iya yi. In yarda da shi, ko in sayar da ita tun kafin ta cinye ni?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kashe ta da ka yi nan take shi ne ya ceci injin, in Allah ya yarda. Amma kada ka yarda a cire tamostat ɗin nan, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwan inji hanyar lagireto idan ya yi zafi, kuma kada ka sake tayar da motar sai an gano ta inda ruwan ya fita.

Motarka ita ce ƙirar da BMW ke kira E38, wadda aka ƙera daga 1994 zuwa 2001. Ta shekarar 2000 tana ɗauke da injin M62TU, silinda takwas, lita 4.4, kuma gangar injin da kansa duk alminiyam ne. Wannan shi ne tushen maganar. Yawancin kanikawanmu a kan Fijo 504 da tsofaffin motocin Japan suka koyi aiki, ko kuma a hannun ogan da ya koya a kansu. Waɗancan injinan suna da haƙuri, su tafasa a zuba musu ruwa su ci gaba da tafiya. Naka ba ya yafe zafi. Tafasa ɗaya mai ƙarfi ta isa kan silinda ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, wani lokaci ma zaren da kusoshin kai suke kamawa a jikin gangar ya zare. Kuma ramin silindarsa ba irin wanda ake kai wa mai injin gyara ya faɗaɗa a sa sabon fistin kamar na ƙarfe ba ne.

Yanzu ga maganar da nake ji kusan kullum a gareji har ta ishe ni: wai tamostat na ƙasar sanyi ne. Ina tambayar masu faɗin haka, motocin da ke yawo a Dubai da Saudiyya da jihar Arizona ta Amurka, inda rana ta kai ta Maiduguri, ciro musu shi ake yi? Da shi aka sayar da su, da shi suke aiki. Tamostat ba ya ƙara wa inji zafi. Aikinsa ya riƙe injin a zafin da aka tsara masa. A wannan injin ma ba na gargajiya ba ne: an tsara shi ya buɗe a wajen digiri 105, kuma akwai waya a jikinsa da ƙwaƙwalwar mota take amfani da ita ta buɗe shi da wuri idan ka taka wuta sosai ko injin ya ɗauki nauyi. Bakanike ya taɓa tiyo ya ji zafi ya firgita, alhali zafin aikin injin ke nan.

Idan aka fasa shi aka cire cikinsa, abu biyu ne zai faru, kuma dukansu sharri ne. A doguwar hanya, musamman da sanyin hunturu, injin ba zai kai zafinsa ba. Ƙwaƙwalwa za ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka man da ke ƙasa, fulogi su yi baƙi, ka yi ta zuba kuɗi a gidan mai. A cikin cunkoso kuma motar za ta sake tafasa, domin abin da ya sa ta tafasa tun farko yana nan ba a taɓa shi ba. Ban da haka, tamostat ɗin yana kuma rufe gajeriyar hanyar da ruwa yake zagayawa cikin inji ba tare da ya bi ta lagireto ba. Ka cire shi, wani ɓangare na ruwan zafin ya riƙa komawa inji bai huce ba. Na sha ganin motar da aka yi wa wannan aikin ta dawo a kan janwe bayan 'yan watanni, baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa, mai ita yana rantsuwa allura ba ta taɓa motsi ba.

Gaskiya yake faɗa kuwa, kuma nan ne tarkon. Allurar zafin motar nan an saita ta ta tsaya cak a tsakiya a kan tazara mai faɗi, don kada direba ya riƙa damuwa da hawa da sauka. Duk lokacin da ka ga ta gota tsakiya, zafin ya riga ya yi nisa. Saboda haka ba a cewa bari in ƙarasa gida.

Maganar ruwa zalla ita ma ta fi ba ni haushi, domin arha ce ke jawo ta. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana da gishiri da ƙasa, yana cin alminiyam daga ciki, yana toshe siraran hanyoyin lagireto. Ruwan leda ma bai tsira ba. Kuma a injinka har altaneta da ruwan inji ake sanyaya shi, to ka ga tsatsa da datti har can za su kai. Abin da motar take so shi ne kulant, wato ruwan sanyaya inji, mai launin shuɗi irin na BMW, nau'in G48, a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba. Tsarin yana cin kusan lita 12. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, injin kuma yana aiki a sama da haka. Abin da ke hana tafasar shi ne kulant da kuma matsin da murfin tankin ruwa yake riƙewa, wanda a wannan motar ya kai bar 2 a ma'aunin matsi. Murfi ɗaya da ya gaji, ko tsaga kamar gashi a jikin tanki, matsin ya zube, motar ta tafasa ko da komai nata lafiya.

Fanka kuma kada a taɓa ta da dabara. Babbar fankar, injin ne ke juya ta ta hanyar kulocin da ke kamawa idan zafi ya ƙaru. Wasu sukan yi masa walda ya kama dindindin. Fukafukan roba ne masu shekara sama da 20. Idan suka tarwatse a guje sukan yanke tiyo, su fasa lagireto, har su lotsa bonet daga ciki. Fankar gaba mai lantarki kuma ƙwaƙwalwa ce ke ba ta umarni, haɗa ta kai-tsaye ƙona waya ne da kashe batir.

Abin da za a yi shi ne a sa famfon gwaji a matsa tsarin ruwan, injin yana a kashe, a ga inda yake ɗiga. A wannan motar wuraren sanannu ne: tankin ruwa na roba, wuyan lagireto na sama, famfon ruwa, da farantin da ke kwance a tsakiyar injin ƙarƙashin manifol, wato bututun da iska ke bi ta shiga inji. A kuma gwada ko hayaƙin inji yana shiga ruwa, don a san halin da gaskit yake ciki bayan abin da ya faru a Kawo. Idan gaskit lafiya, ni ra'ayina a canja lagireto, tanki da murfinsa, famfon ruwa, tamostat, tiyoyi da kulocin fanka a lokaci ɗaya. Tare suka tsufa, ka canja ɗaya ka bar sauran, matsin zai nemi wanda ya fi rauni. Kuma waɗannan sababbi ake saya, na kamfanin Behr ko Mahle, ba 'yan Beljiyam ba. Ƙofa ko fitila ka iya nema a Panteka ko Ladipo ko Ƙofar Ruwa, amma tsohuwar roba tsohuwar roba ce ko daga Jamus ta zo. Ka yi oda da lambobi bakwai na ƙarshen shasi, domin kayan motocin da aka yi kafin Satumbar 1998 sun sha bamban da naka a wurare da dama.

Batun sayarwa kuma, ka jira sakamakon gwajin. Ka kuma saurari injin da sassafe: idan kana jin ƙarar sarƙa daga gaba kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, robobin da ke riƙe sarƙar taimin ne suka fara karyewa, aiki ne babba, kuma shi ne zai sa in ce ka zauna ka yi lissafi da kyau. Idan babu wannan, gaskit lafiya, giya tana shiga sumul, mota ce da za ta daɗe a hannunka, muddin ba ita kaɗai ce ƙafarka ba, domin wani kayan sai ka jira shi makonni kafin ya iso.

Ranar da za a zuba sabon kulant ka tsaya a wurin da kanka. A kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a sa hita a ƙarshen zafi, a sassauta ƙaramin sukurun da ke kusa da bakin tankin, a zuba a hankali har ruwa ya fito ba kumfa. Sukurun na roba ne, a ɗaure shi da sauƙin hannu.