Me Ya Sa Sammacin Kotun Duniya Ba Ya Kama Shugaban da Ke Kan Mulki?

Tambaya: Malam, mun sha jin Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama wani shugaban ƙasa, amma sai mu ga yana tafiye-tafiyensa ana karrama shi. Shin sammacin yana da wani amfani kuwa?

Amsa: Yana da amfani, sai dai ba irin wanda jama'a suke zato ba. Kotun, wadda ke zama a birnin Hague, ta fara aiki a 2002 bisa Yarjejeniyar Roma ta 1998, kuma ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Idan alƙalanta suka ba da sammaci, ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar ne ke da alhakin kama mutumin, alhali Amurka da Rasha da Sin da Isra'ila duk ba sa cikinsu.

Ko a tsakanin ƙasashen da ke ciki akwai taƙaddama. Sashe na 27 ya ce muƙamin shugaban ƙasa ba ya ba kowa rigar kariya a gaban kotun, amma sashe na 98 ya hana ta tilasta wa wata ƙasa saɓa alƙawarin kariya da ke tsakaninta da wata ƙasar. Da irin wannan hujja Afirka ta Kudu ta fake a 2015, lokacin da Omar al-Bashir, shugaban Sudan na wancan lokaci wanda kotun ke nema, ya halarci taron Tarayyar Afirka a Johannesburg, ya hau jirgi ya koma Sudan duk da umarnin wata kotun ƙasar na hana shi fita. A 2019 alƙalan ɗaukaka ƙara suka yanke cewa Jodan ta saɓa wajibinta da ta ƙi kama al-Bashir lokacin da ya ziyarce ta, amma hukuncin bai hana Mongoliya karɓar Vladimir Putin a 2024 ba, ko Hungari karɓar Benjamin Netanyahu a 2025, duk da cewa akwai sammacin kotun a kansu, kuma ƙasashen biyu mambobinta ne a lokacin. Iyakar abin da kotun za ta yi wa ƙasar da ta yi kunnen uwar shegu shi ne ta kai ƙararta gaban taron ƙasashe mambobi ko Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma wannan bai cika tsinana komai ba.

Duk da haka, sammacin yana ƙuntata wa mai shi. Putin bai je taron BRICS, ƙungiyar da Rasha da Afirka ta Kudu suke ciki, wanda aka yi a Johannesburg a 2023 ba, ta bidiyo ya yi jawabi. Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne sammacin ba ya lalacewa don an daɗe, yana nan har ranar da mulki ya suɓuce. Laurent Gbagbo, tsohon shugaban Côte d'Ivoire, sai da ya faɗi a 2011 aka miƙa shi ga kotun, kodayake an wanke shi a 2019. Haka Rodrigo Duterte, wanda ya fitar da Filifin daga kotun yana kan karaga, 'yan sandan ƙasarsa ne suka tsare shi a filin jirgin saman Manila a watan Maris na 2025, bayan dangantaka ta yi tsami tsakanin gidansa da gwamnatin da ta gaje shi.